Fuskar da Valadas Yake Nema

A shekarar 1968, Duarte Valadas, daraktan fim ɗan Fotugal, ya rufe tagogin masaukinsa a unguwar Bagdadiyya, ya haska wa Na'ibi mai sayar da yadi a bango hoton da ya ɗauka 'yan kwanaki kafin nan a kasuwar Bab Makka.

"Wannan matar da ke tsaye bayanka nake nema," in ji shi da Larabcinsa na 'yan koyo. "Fina-finaina sun daina karɓuwa. Fuskarta ce za ta cece ni. Ka san ta?"

Na'ibi ya daɗe yana kallon bangon.

"Turai ce, matata."

"Yalla, maza kai ni wurinta!"

"Sai dai mu haye teku, ya Bature. A can garin Sawakin na binne ta kafin in hau jirgin ruwan da ya kawo ni ƙasar nan."