Sunan da Ba a Faɗa a Wirrinya

Wasiƙa uku asusun fansho na ƙananan hukumomi ya aika wa Ambrose Wickham, ko ɗaya bai amsa ba. Dokar kuwa ba ta san sani ba: duk shekara sai mai cin fansho ya nuna yana raye, in ba haka ba a datse kuɗin. Wa'adin Ambrose ranar Juma'a zai cika.

Shi ya sa ranar Laraba Marnie Doolan, wadda watanta biyu kacal a ofishin fanshon, ta cika mota da mai da ruwan sha, ta bar garin Alice Springs ta nufi ƙauyen Wirrinya inda Ambrose yake, tafiyar awa biyar a kan jar ƙasa. Mutum ya yi shekara talatin da huɗu yana tuƙa wa ƙaramar hukuma motar gyaran hanya, ita kam ba za ta yanke masa abinci tana zaune a kujera ba.

Saura kaɗan ta isa, taya ta fashe. Tana tsaye tana hararar jak ɗin ɗaga mota sai ga wani tsoho a akori-kura, da malafa a ka da kare a baya. Kafin ta gama gaisuwa ya kwance tayar, yana ta mitar yadda yaran yanzu suka bar hanya ta zama kamar kwanon rufi. Ta tambayi sunansa, ya ce Kumanjayi ake kiransa. Ta faɗi wanda ta zo nema, da ƙarfinta kuwa, don kare na haushi.

Tsohon ya runtse ido, ya dubi ƙasa.

"Rage murya, 'yata. Biyo ni kawai."

Kantin garin shi ne gidan waya, shi ne gidan mai. Wani magidanci da ke ba da mai shi ma Kumanjayi aka kira shi, Marnie ta ce a ranta lallai sunan nan ya yi kasuwa. Ta shiga da fara'arta, ta gai da matar da ke bayan kanta, ta sake faɗin sunan. Matar ta ja aljihun tebur, ta fito da wasiƙun nan uku ko buɗe su ba a yi ba, ta ajiye, ta rufe fuska da hannu ta shige ciki tana kuka.

Nan take Marnie ta ɗauka mai fanshon ya rasu. Ai an gaya musu a wurin horaswa, mutanen nan 'yan asalin ƙasar ba sa kama sunan mamaci. Ita kuma ta zo tana ta shelarsa kamar mai talla! Kunya ta rufe ta, ga tausayin mutumin da ta makara ba ta gani ba.

Tsohon ya ja ta gindin wata bishiya, ya ɗora shayi a gwangwani, ya yanka mata burodin da aka gasa a toka. Ta ba shi haƙuri har sau uku, sannan ta ciro takardar rufe fayil. Ta yi masa bayani cewa tunda mai fanshon ya rasu, za a tsayar da nasa, matarsa ta riƙa karɓar kashi biyu cikin uku. Abin da ya rage shi ne shaida, wanda ya san marigayin sosai.

Ya daɗe yana kallonta, gemunsa na motsi. Ya ce in dai sani ne, duk Wirrinya ba wanda ya kai shi.

"Kashi biyu cikin uku kika ce? To, don Allah kada matar ta ji, ba a san abin da za ta yi ba."

Daga nan fa ya buɗe baki. Wai mutumin taurin kai ne da shi kamar jaki. Wai munsharinsa har karnuka yake kora. Wasiƙa kuwa, ko a tafin hannu aka sa masa sai ya hura wuta da ita. Abu ɗaya ya yarda da shi, a harkar gyaran hanya ba a yi kamarsa ba, ba kuma za a yi ba.

Ran Marnie ya ɓaci. Ga mace can tana kuka, shi kuma yana nan yana yi wa mamaci tsiya.

"Haba Kawu, ko ba komai ai ya tafi. A bar shi ya huta mana."

"Hutu kam yana sha," in ji shi, ya ƙara mata shayi.

Ta cike takardar tana cije leɓe, ta zo gurbin shaida, ta ce sai ya kawo katin da ke da hotonsa, haka ƙa'ida ta ce. Ya lalubo lasisin tuƙi daga cikin malafa, ya kifa shi a kan gwiwarta. Yana kakkaɓe toka daga burodi yake gaya mata cewa wanda suka binne watan jiya ɗan matar kantin ne, saurayi mai irin sunan da ta yi ta shela, ko kwana ɗaya bai taɓa yi wa ƙaramar hukuma aiki ba. Su kuma a nan, in mutum ya tafi, ba shi kaɗai ke barin sunan ba. Duk takwarorinsa ajiye shi suke yi, a riƙa ce musu Kumanjayi har sai makoki ya wuce.

"Kwafe abin da ke jiki, 'yata, amma kada ki karanta a fili."

Marnie ta juya katin. Hoton tsohon ne ba malafa, yana murmushin nan nasa, a ƙasa kuma an rubuta Ambrose Wickham.