Kwalbar Malam Hussaini

"Ba ni kwalbar nan, Malam Hussaini," in ji Ikilima tana miƙa hannu.

Wata bakwai ke nan duk Talata tana hawo motar haya daga Dutse zuwa Jahun saboda mutumin nan. Ita ce ma'aikaciyar jin daɗin jama'a mai kula da sojojin da suka dawo daga yaƙin Saliyo. Matarsa ce ta tsegunta mata cewa ya ɓoye kwalbar maganin feshi mai guba a rumbu, alhali bana ko wake bai shuka ba.

"Ba ta wurina, Malama."

"Kada ka yi min haka. Mutum goma sha ɗaya ke hannuna, ban rasa ko ɗaya ba, kuma ba da kai zan fara ba. Maigidana ma tare kuka yi yaƙin nan, ga shi can yana kasuwancinsa lafiya lau."

Hussaini ya gyara zama, ya ce:

"Ni kam na haƙura, albarkacinki. Amma ranar Juma'a maigidan naki ya zo har nan. Ya ce ɓeraye sun addabe shi a shago, na ɗauko na ba shi." Ya dube ta. "Sai da ya tafi na tuna sau biyu yana neman gafarata."

Jakar Ikilima ta suɓuce. Yau da safe, maigidanta da kansa ya kai yara gidan kakarsu a unguwar Takur. Ya rako ta har tasha, abin da bai taɓa yi ba, ya ce kada ta yi gaggawar dawowa.