Wa Ya Kai Wa Mai Jita Labari?

Baiti na biyu bai ƙare ba Tela ya ɗage ƙafarsa daga kan keken ɗinki. Sabuwar waƙar Mai Jita ce ke tashi daga wayar Caja, kuma labarin wani tela take bayarwa, wanda idonsa ke dusashewa yana ɓoye wa duniya. Yana jera zare bisa tsarin da ya haddace, yana laluben kafar allura da ɗan yatsa. Tela ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa, don shi ɗin ne sak.

Su huɗu ne, son waƙoƙin Mai Jita ya haɗa su shekara bakwai. Caja mai gyaran waya, Alli malamin firamare, Birki direban motar kaya, sai shi. Duk Asabar da yamma a shagonsa suke taruwa, kuma dokarsu ɗaya ce: wanda ya kuskure baiti shi zai share shago. Birki ya sha tsintsiya har ana ce masa ya bar tuƙi ya kama sana'ar.

"Kai dai rufe baki ka bar mai waƙa ya yi abinsa," in ji Alli. "Muryar nan taka ko salansar motarka ta fi ta daɗi."

"To Malam, kai da kake rerawa kamar kana kiran sunayen 'yan aji?" in ji Birki.

Aka kwashe da dariya, har da Tela, amma tasa iyakarta haƙora.

Kowa ya san yadda Mai Jita ke aiki. Masu saurare ne ke aika masa labaransu, ya zaɓa ya mayar waƙa. Shi kuwa Tela, in ban da likita ba wanda ya gaya wa, ko matarsa ba ta sani ba. Ga kuma kwangilar kayan makaranta da ke riƙe da gidansa. Ranar da shugabar makarantar ta ji cewa telanta ba ya ganin bakin ɗinki, shi ke nan an gama da shi, alhali a 'yan watannin nan ma yabon aikinsa take yi, wai hannunsa ya ƙara faɗawa.

Sai ya shiga sa wa abokan nasa ido, ɗan abin da ya rage masa. Kuma wallahi da ya fara lura, kowannensu ya zama abin zargi.

Caja ba ya zama sai kusa da kantar zare, hannunsa kullum yana taɓe-taɓe a wurin. Alli ya ɗauki wata ɗabi'a ta jawo littafin awo yana karantawa da ƙarfi, wai yana yi wa rubutun Tela ba'a. Birki kuwa, mutumin da ko ruwa ba ya ba ka sai ya yi mita, shi ne yanzu ke nacin kai wa mutane ɗinkinsu har gida, wai ai hanyarsa ce. Hanyarsa ina? Me yake gaya musu in ya je?

Mako guda Tela yana tafasa a ciki. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yana son mutanen nan. Su suka tsaya masa lokacin rasuwar mahaifiyarsa, ga shi yanzu ɗayansu ya ɗauki asirinsa ya miƙa wa mawaƙi don a ji daɗi.

Da Asabar ta zagayo, ya bari suka zauna, Caja ya kunna waƙar. Sai ya tashi ya tura ƙofa, ya jingina da ita.

"Kashe," ya ce. Caja ya kashe. "Ba mai fita sai na san wanda ya aika masa."

"Aika masa me, mutumina?" Alli ya tambaya a hankali.

"Kada ka raina min hankali, Malam. Telan cikin waƙar nan ni ne. Idona ya kusa tafiya, kuma a cikinku wani ya gano ya kai labari."

Caja ya latsa wayarsa, ya nemo wata hira da aka yi da Mai Jita a rediyo, ya ƙara murya. Mawaƙin da bakinsa yake cewa wannan karon ba wanda ya aiko masa da komai. Mahaifinsa ne telan, ya rasu shekara ashirin da suka wuce, sai yanzu ya iya yi masa waƙa.

Tela ya laluba kujera ya zauna. Ashe da bakinsa ya tona kansa, a banza. Kunya ta rufe shi, ya sunkuyar da kai yana jiran salati da tambayoyi. Ba wanda ya yi ko ɗaya, kuma wannan ne ya sa ya ɗago.

"Na ce muku idona ya kusa tafiya. Me ya sa ba wanda ya yi mamaki?"

Alli ya dubi Caja, Caja ya dubi ƙasa. Birki ya yi gyaran murya, ya murza makullin motarsa a hannu.

"Ɗan'uwa, ka yi haƙuri," ya ce. "Wata goma ke nan ba rigar da ta bar shagon nan ta isa hannun mai ita sai ta biya ta gidana. Maman yara ce ke warware ɗinkin ta sake shi."