Gonar Yaran Souleyman

Tun da aka kafa garin Tawa ba a taɓa ci wa mutum mutunci kamar yadda aka ci mini ba. Shekara goma sha tara ina zaune gindin itacen bedi a ƙofar kotu ina rubuta wa jama'a takardu, da hulata, da tabarau, da Faransancin da ko a Yamai sai an tona. Yau an ɗauke teburina an ba mai sayar da gyaɗa wurin. Ni Attahir, a musanya ni da gyaɗa! Duk a kan gonar wasu yara biyu.

Ga yadda aka yi. Souleyman manomi ne a ƙauyen Kalfu. Ya fasa wa wani kai a rigimar rijiya, aka yanke masa shekara biyu a gidan kaso. Matarsa ta rasu tun bara waccan. Ya bar Aminatou mai shekara goma sha huɗu, da ƙanenta Anas, da gona guda. Fako ce a da, ko ciyawa ba ta fitowa. Shi ya haƙa ta rami-rami yana zuba taki, ya jera duwatsu su tare ruwa, har ta soma ba da gero.

Bai yi wata biyu a ciki ba, wansa Moussa ya fito da takarda, wai Souleyman ya ba shi gonar kyauta kafin a kama shi. Takarda kuwa mai kyau, bugun keken rubutu, babu kuskure ko ɗaya, ga dangwalen yatsa a ƙasa. Mai gari ya gani ya ce ba shi da ta cewa. Moussa ya kulle rumbu, ya cire Aminatou daga lakwal, wato makarantar boko, don ta riƙa ɗebo wa gidansa ruwa. Damina kuma saura mako uku.

Sai ga Kadidiya, ƙanwar uwar yaran, a gaban teburina, ƙafafu duk ƙura. Ta ce an gaya mata duk ƙasar Adar babu mai alƙalami irin nawa. Wanda ya gaya mata bai yi ƙarya ba.

Da ta gama bayani raina ya ɓaci. Uban ne ya yi laifi. Hukunci ya ce shekara biyu, bai ce a haɗa da tuwon 'ya'yansa ba, bai ce a haɗa da karatun yarinya ba. Da an rufe mutum sai dangi su faɗa wa kayansa kamar an yi jana'izarsa, yaran kuma babu mai tambayar inda suka kwana. Na zauna na zuba wa alƙalin da ke duba shari'ar yara shafi uku masu zafi. Iyakar gonar ma na zayyana ta tsaf: gabas ƙorama, yamma gawo mai reshe biyu, arewa burtali. Ban wahalar da baiwar Allah da tambayoyi ba.

Irin wannan wasiƙa a al'ada wata shida take yi a durowa. Wannan alƙalin sabon zuwa ne, ya karanta ta a ranar.

Ran Talata aka tara kowa, har Souleyman aka fito da shi. Ba a gayyace ni ba, amma na shiga na zauna gaba don in ji yadda za a karanta aikina. Moussa ya miƙa takardarsa yana rantsuwa. Alƙali ya tambayi yarinyar ko tana da magana.

"Babana ba ya dangwala yatsa," in ji Aminatou. "Shi ya koya mini sa hannu."

Aka ba Souleyman biro. Ya rubuta sunansa cikakke, har da ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Ya dubi wansa ya ce, "Yaya, har rumbun?"

Nan take aka mayar wa yaran gonarsu, Kadidiya ta riƙe musu har uban ya fito. Aka ce a buɗe rumbu a ranar, Aminatou ta koma aji ran Litinin. Na gyara zama ina jiran yabo. Alƙali ya ajiye takardar Moussa da wasiƙata gefe da gefe, ya daɗe yana duba iyakar gonar a kowace, sannan ya ɗago ya ce kada kowa ya fita.

Ni abin da ya fi ƙona mini rai, babu wanda ya gaya mini baƙauyen nan Souleyman ya yi aji shida a makaranta. Da Moussa ya faɗa mini ranar da ya zo teburina, ai da sa hannu zan ƙirƙira masa, ba zan ɓata babban yatsana da tawada ba.