Kowace Kalma a Wurinta

Tana jiran saurayinta a tashar Arlit saƙonsa ya shigo: "Ki yi haƙuri, maganar aurenmu ta zo ƙarshe. Ina yi miki fatan alheri."

Ita ta koya masa yadda zai sa manhajar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta masa tallar cukun da yake kawowa daga Gugaram. Ciniki ya buɗe, har daga Agadas ake nemansa.

Ta sake karantawa, sai hawaye. Shi da ya tashi da Tamajaq, yaren Buzaye, a baki, kullum "kai" yake ce mata, tana gyara masa, suna dariya. Yau ga "ki", ga "miki", babu kuskure ko ɗaya. Ashe ko sallamar ma ba shi ya rubuta mata ba.