Muntaka Ya Kori Tunani

Tun daga bakin rijiya Muntaka yake bin ɓarawon akuyarsa, mutanen gari na biye suna ihu. Ita kaɗai ta rage masa a shekarar nan da ko tuwon dare sai an yi dabara.

Ƙirjinsa ya ɗau zafi. Sai tunani ya taso: takin da bai saya ba, rumbu wayam, bakin matarsa Hure in ya koma hannu rabbana. Ƙafafu suka yi nauyi.

Nan ya tuna maganar wansa, tsohon soja: "Gajiya a ka take. Kori tunani, saurari numfashinka kawai."

Ya kori taki. Ya kori rumbu. Hure ta ɗan yi gardama, ita ma ya kore ta. Jiki ya yi sakayau, ya daina ganin kowa.

Mutanen ƙauyen gaba suka ji "Ɓarawo!" Suka duba wanda ke kan gaba, suka kayar da shi. Ashe Muntaka ne, tuni ya wuce ɓarawon bai sani ba.

"Ka ji tsoron Allah, Malam," in ji wani bawan Allah da ya iso daga baya yana haki, saɓe da akuyar Muntaka.