Tukunyar da Ta Shiga Wuta

Sabi'u malamin Turanci ne a wata makarantar sakandare. Ran nan ya je gaida gwaggonsa, Malama Uwani, wadda ta koyar har ta yi ritaya, ransa duk a jagule. Ya ce mata yaran ajinsa sun daina rubutu. A da in ya ba su insha'i sukan cika shafi, shi kuma ya bi da jan biro yana tsefe kowane layi, har takarda ta koma kamar an yanka kaza a kanta. Yanzu kuwa abu kaɗan suke rubutawa su ajiye biro, ga jarrabawar fita ta ƙarato. Tsohuwar ta bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa, sannan ta ba shi wannan misali.

An yi wata maginiyar tukwane da duk kasuwannin yankinsu an san hannunta. 'Ya ɗaya Allah ya ba ta, kuma ba ta da burin da ya wuce ta ga sana'ar ta zauna a hannun yarinyar kafin ƙasa ta rufe mata ido. To amma mace ce mai kishin aikinta, ba ta iya ganin karkata ta kau da kai. Yarinya za ta wuni tana fama da yumɓu, ta gina 'yar tukunyarta, baki a karkace, gindi ya yi kauri, ta kawo wa uwar tana murmushi. Uwar ta juya ta, ta nuna nan, ta nuna can, sannan ta murƙushe ta ta mayar cikin yumɓu, tunda ɗanyar tukunya ba ta asara, jiƙa ta ake yi a sake kwaɓawa. Ba mugunta ba ce, so ne ya yi mata yawa, tana gudun a yi wa 'yarta dariya a kasuwa. Sai dai shekara ta zagayo yarinya ba ta taɓa ganin abin da hannunta ya gina ya shiga wuta ba. A hankali murmushin ya ɗauke. Yau ciwon kai, gobe za ta taya maƙwabta surfe, har ta fito fili ta ce a bar ta ta koyi kitso, ita yumɓu ba ya jin maganarta. Maganar nan ta yi wa uwar zafi ƙwarai, ta rasa inda ta kuskure.

Ana nan sai sanyin ƙashi ya kama maginiyar, yatsu suka kumbura, ko ludayi da ƙyar take riƙewa. Ranar gashi ta zo, tukwanen da ta gina kafin ciwo ba su cika wurin gashin ba. Ana jera su sai ga yarinya ta fito daga bayan rumbu, rungume da wasu 'yan tukwane da ta gina a ɓoye ta shanya. Ashe ba yumɓun ta tsana ba, hannun uwarta take tsoro. Maginiya ta dube su, kowace da irin tata karkatar, ta dubi yadda 'yar ke ƙanƙame su a ƙirji, sai tausayi ya kama ta. Ta ce, “Saka su.” Aka rufe da kara da itace, aka cinna wuta. Da wurin ya huce aka tone, yawancin na yarinyar sun fashe, guda ce ta tsira. Yarinya ta tsuguna tana juya ɓaraguzan a hannu, can ta ɗago ta ce, “Inna, nan ne ya yi kauri, shi ya sa.” Abin da aka shekara ana gaya mata bai shiga ba, ranar ta gane shi da idonta. Wadda ta tsira kuwa, uwar ta sa aka cika ta da ruwa aka ajiye a inuwa, ta riƙa sha daga cikinta a gaban kowa tana yabon sanyinsa. Washegari tun kafin a kira ta yarinya ta jiƙa yumɓu. Ta ci gaba da gini, wasu na fashewa wasu na tsira, har watarana aka kasa bambance hannunta da na uwar.

Malama Uwani ta ce, “Yaranka ke nan, ɗan nan. Ka bar su su karanta abin da suka rubuta a gaban 'yan uwansu. Inda aka kasa gane su, da kunnensu za su ji. Kai ma ka fara jin abin da suke faɗa kafin ka duba yadda suka faɗe shi.”

Sabi'u ya sunkuyar da kai. Ya tuna Lantana, wata ɗalibarsa da ta rubuta labarin rasuwar mahaifiyarta cikin Turanci mai ɗingishi, ya gyara mata kowace kalma ya mayar mata, ko ta'aziyya bai yi mata ba. Da ya faɗa wa gwaggonsa, ta dafa kafaɗarsa.

“Gobe ka fara da yi mata gaisuwa. Turancin zai miƙe a bayan nan. Ai Hausawa sun ce, da rarrafe yaro kan tashi.”